Yadda na rabu da rawar hannu bayan kafen safe

Da na fito daga sallar asuba sai in tsaya wurin mai shayi a Zango in sha kafe mai kauri, cikina ba komai. Kafin in buɗe shagon ɗinki a Kasuwar Dole, zuciya ta fara dukan uku-uku, hannu na rawa har zare ya ƙi shiga allura, ga ƙwannafi.

Ƙanena ma'aikacin jinya ne. Ya ce, "Yaya, aikin kafeyin ne, sinadarin da ke cikin kafe. Cikin minti 30 zuwa 60 yake cika jini, ya tare sinadarin da ke sa mutum jin barci, ya ƙara bugun zuciya. Kafe kuma yana ƙara tsamin ciki."

Ya hana ni yankewa lokaci guda, don hakan na jawo ciwon kai. Sai na rage garin kafen da kaɗan-kaɗan har ya koma rabin cokali. Yanzu ruwa nake fara sha, in ci ƙosai da koko, sannan kafe.

Shayin majalisa na dare ma na bari, tunda shi ma da kafeyin, kuma rabin kafeyin ɗin na nan a jiki bayan kamar awa 5. Wannan ne ya fi yi mini wuya, abokai har yau tsiya suke mini. Rawar hannun dai ta tafi.