Yadda za ka karɓi takardar sirri ba tare da ka tona asirin majiyarka ba

Sabon ɗan jarida idan aka kwarmato masa takardar sirrin gwamnati, hankalinsa kan tafi kan waya: kada a saurari kira, kada a karanta saƙo. Wannan tsoro yana kan hanya, amma sau da yawa takardar ce da kanta ke kai jami'an tsaro har ƙofar gidan wanda ya fito da ita. A kanta za mu fi daɗewa.

Fara da hanyar magana. Ka gaya wa majiyarka tun ranar farko kada ya taɓa tuntuɓarka da wayar ofis, imel ɗin ofis ko intanet ɗin ofis, ko da gaisuwa ce. Ku koma manhajar saƙo ta Signal, ku kunna saƙo mai ɓacewa, ku sa shi kwana ɗaya. WhatsApp yana rufe abin da aka rubuta, amma bayanin wa ya yi magana da wa, da lokacin, yana iya zuwa hannun kamfanin, kuma mai bincike wannan ya ishe shi. A Nijeriya kowane layi yana haɗe da lambar NIN, don haka kira ɗaya tsakaninku ya zama shaida mai suna. Tun 2024 Signal ta ba da damar amfani da laƙabi a maimakon bayar da lamba, ku yi hakan. Manyan jaridu suna da SecureDrop, tsarin karɓar takardu a asirce mai aiki ta hanyar Tor, hanyar intanet da ke ɓoye inda mutum yake, sai dai yana buƙatar kwamfutoci na musamman da mai kula da su, ƙaramin gidan jarida ba lallai ya iya ba.

Idan fayil ya iso, kada ka buɗe shi a kwamfutar da kake aiki da ita kullum. PDF ko Word na iya ɗauke da manhajar leƙen asiri, ko wani ɗan mahaɗi da zai sanar da masu takardar cewa an buɗe ta a wuri kaza. Nemi tsohuwar laftof ta hannu, ba sai mai tsada ba, ka sa mai gyara ya cire mata katin Wi-Fi. Sa Tails, tsarin tafiyar da kwamfuta da aka yi don sirri, a kan filas mai aƙalla gigabait 8, ka tayar da kwamfutar daga kansa. Tails yana mance komai da zarar an kashe, da shi Edward Snowden, wanda ya kwarmata asirin hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, da 'yan jaridar da ya bai wa takardun suka yi amfani a 2013. Akwai kuma manhajar Dangerzone, kyauta ce, tana mayar da kowane shafi hoto sannan ta sake haɗa PDF mai tsabta.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. A watan Mayun 2017, Reality Winner, mai aikin kwangila da hukumar NSA a jihar Jojiya ta Amurka, ta buga a firinta wani rahoton sirri kan kutsen Rasha a zaɓen 2016, ta aika wa jaridar The Intercept ta gidan waya. Jaridar ta so ta tabbatar da ingancinsa, sai ta nuna wa gwamnati kwafin takardar. Masu bincike suka ga alamar ninki a jikin shafukan, suka gane bugawa aka yi aka naɗe aka fita da ita. Suka duba rajistar ofis: mutum shida kaɗai suka buga ta, kuma a cikinsu Winner ce ta taɓa yi wa jaridar imel daga kwamfutar aiki. An kama ta ranar 3 ga Yuni, kwana biyu kafin labarin ya fito, aka yanke mata shekara biyar da wata uku a 2018.

Bayan an wallafa takardar, masana suka gano wani abu kuma a jikinta: ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, ƙanana ƙwarai, da firintoci masu launi na leza da dama ke yayyafa wa kowane shafi. Ido ba ya ganinsu a kan farar takarda, amma suna ɗauke da lambar na'urar da rana da lokacin bugu. Ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta warware tsarin na firintocin Xerox tun 2005. Ka gwada da kanka: shiga ɗaki mai duhu, haska shafin da shuɗiyar fitila, duba da gilashin ƙara girma, za ka ga ɗigon sun yi baƙi-baƙi, suna maimaita kansu daga sama har ƙasa. Wasu suna cewa fotokwafi baƙi da fari yana share su. Kada ka dogara da wannan, wani lokaci fito da su yake yi.

Doka ita ce asalin takardar ba ya barin hannunka da na editanka. Zauna ka sake buga abin da ke ciki da hannunka, a sabon fayil. Ko hakan ma bai gama ba, domin wasu hukumomi kan raba kwafi masu ɗan bambanci, a canza kalma a nan, a ƙara waƙafi a can, yadda duk wanda ya fita za a san na wane ne. Saboda haka ka taƙaita da kalmominka, ka ɗauko gajerun jimloli kawai inda dole ne. Kuma ka yi wa majiyarka tambayar da aka fi mancewa: mutum nawa ne suka ga wannan takarda, kuma nawa ne suka buga ta? In uku ne, ka jinkirta har ta zaga ofisoshi. Gara wata jarida ta riga ka.

Takardun ma'aikatu suna da nasu tabon: hatimin karɓa mai kwanan wata, lambar shafi da aka rubuta da biro a kusurwa, rubutun gefe na wani darakta, ramin igiyar fayil. Kowanne yana nuna teburin da takardar ta kwana. Idan hoto aka ɗauka da waya, duba abin da ke bayan takardar. A 2023, zanen dutsen teburin kicin da tayil ɗin ƙasa da suka fito a gefen hotunan takardun Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, sun taimaka wa 'yan jarida wajen gano Jack Teixeira, sojan da ya zuba su a dandalin hira na Discord, yanzu yana zaman shekara 15. Cikin fayil ɗin hoton da aka ɗauka da waya kuma akan samu samfurin wayar, lokaci, har da wurin GPS. Haka wani hoton mujallar Vice ya tona cewa John McAfee, ɗan kasuwar manhaja da ke ɓuya, yana Gwatamala a 2012. Wanke fayil daga waɗannan bayanai da manhajar mat2 ko exiftool, sannan ka sake dubawa ka ga ya fita.

Wajen tabbatarwa, ka faɗa wa kakakin hukuma abin da ke ciki da baki, ka nemi martani, kada ka tura hoto ko ya roƙa. Gwada kwanan watan da kalanda, duba ko mai sa hannun yana kan wannan muƙami a lokacin, nemi mutum na biyu da zai tabbatar, wanda bai san majiyarka ba.

In dole sai an nuna shafi, kada ka ja baƙin layi a kan PDF ka ce ka rufe suna. Lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Trump, sun yi haka a Janairun 2019, 'yan jarida suka kwafe rubutun da ke ƙarƙashi suka karanta. Goge kalmar daga fayil ɗin da ka sake bugawa, sannan ka mayar da shafin hoto.

Ka ga lauya kafin wallafawa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ranta a Nijeriya duk da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A Agustan 2018 'yan sanda sun tsare Samuel Ogundipe na Premium Times suna neman ya faɗi majiyarsa, a Janairun 2019 kuma sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri suka kwashe kwamfutoci. Don haka sunan majiya ba ya shiga waya ko littafin aiki, filas ɗin a kulle shi da doguwar kalmar sirri, a ajiye shi wajen ofis, kuma kafin labarin ya fita ka sanar da majiyarka ranar, ya share abin da ya rage a wayarsa.