Wace Lamba Suke Nema? Yadda Ake Karanta Sitikar Wayar Ofis da Na'urorin Intanet

Duk wanda ya samu aikin ofis a ƙasar waje, ko ya kama haya ya ja intanet, ba zai daɗe ba za a ce masa ta waya: "Duba na'urar ka karanto mini lambarta." Sai ka kifa wayar tebur ko rautar, wato na'urar da ke raba intanet, ka tarar da sitika mai lambobi huɗu ko biyar, kowace da ɗan gajeren suna a gabanta, ga mai kira yana jira. A nan sababbin zuwa da yawa suke rikicewa, su karanto wadda idonsu ya fara faɗawa a kai. Lambobin nan ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka kafin ka buɗe baki ka tambayi wacce ake so. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikatan sashen kwamfuta sun fi son mai tambaya a kan wanda zai ba su lambar da za su yi ta nema a rajistarsu ba su gani ba.

Wadda aka rubuta wa Model ko PID ko P/N lambar samfuri ce, dubban na'urori ne suke ɗauke da irinta, ba ta nuna taka. Wadda ke da S/N ko SN ita ce siriyal, lambar da masana'anta ta ba wannan na'urar ita kaɗai, kuma da ita ake duba garanti, a nemi gyara ko musanya. Wani lokaci za ka ga wata sitikar daban mai tambarin ma'aikatarku. Wannan ta ƙidayar kayan ofis ce, kamfanin da ya ƙera na'urar bai san da zamanta ba. A kwamfutocin Dell kuma ana kiran siriyal ɗin Service Tag, haruffa da lambobi bakwai ne.

Wadda aka fi tambaya a wayoyin ofis ita ce MAC, lambar da ake gane na'ura da ita a kan hanyar sadarwa, kuma ita ta fi cancantar ka tsaya ka fahimta. Gurbi 12 ne da ita, ba ƙari ba ragi, kuma ba ta amfani da komai sai 0 zuwa 9 da haruffa shida, A zuwa F. Wannan kaɗai ya warware maka rabin matsala. In ka ga wani abu kamar harafin O a cikinta, sifiri ne. In ka ga kamar I, ɗaya ne. In ka ga G ko S ko Z, to ko dai ka karanta 6 ko 5 ko 2 ba daidai ba, ko kuma kana kan wani layin ne ba na MAC ba. Kada yadda aka rubuta ta ya ruɗe ka: wasu suna raba ta biyu-biyu da ɗigo biyu, Windows tana sa ɗan gajeren layi a kwance tsakaninsu, kamfanin Cisco yana raba ta huɗu-huɗu da ɗigo ɗaya, a kan sitika kuma sau da yawa a haɗe take ba rabuwa. Duk lamba ɗaya ce. Gurabe shida na farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ce take raba su. Shi ya sa wayoyin Yealink da yawa suke farawa da 001565 ko 805EC0, na Polycom kuma da 0004F2. Gogaggen ma'aikaci yana jin farkon lambar zai gane irin wayar da ke gabanka.

Dalilin da ake damunka da ita shi ne, wayar ofis ta zamani ba ta da layi a jikinta. Da MAC ɗinta aka yi mata rajista a tsarin wayoyin ma'aikata, a nan aka ɗaura mata sunanka da lambar layinka. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya sa wayar ta tashi ta yi ta juyi ba ta kama ba.

Yanzu ga abin da nake so kowane sabon zuwa ya riƙe: ba sai ka cire komai ba kafin ka ga lambar. Yawancin waɗannan wayoyin ta kebul ɗin intanet suke samun wuta, kana zare shi wayar za ta mutu, ta ɗauki 'yan mintuna kafin ta dawo. Kuma a tebura da yawa kebul ɗin kwamfutar ta bayan wayar ya bi, ka ga ke nan ita ma ta yanke. Allon wayar zai gaya maka. A Yealink, danna OK lokacin da ba a kira, za ta nuno adireshin IP da MAC. A wayoyin Cisco na tebur, danna maɓallin mai hoton ƙafar inji ka shiga bayanin waya, za ka ga suna da ya fara da SEP; abin da ya biyo bayan haruffan nan uku shi ne MAC ɗin. A wayoyin Polycom kuwa siriyal da MAC abu ɗaya ne, kada ka wahalar da kanka neman ta biyu. Idan dole sai ka duba sitika, karkata wayar a hankali da kebul ɗinta a jiki, ka haska, ka ɗauki hoto, ka faɗaɗa shi. Rubutun ƙanana ne, wani lokaci ma mariƙin ƙafar wayar ya rufe rabinsa.

Tun da muna kan wayar, kada ka ɗauki taka ka koma wani bene da ita ba tare da ka sanar ba. A ofisoshi da yawa an rubuta inda kowace waya take domin kiran gaggawa, 911 a Amurka, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. In ka sauya mata wuri a ɓoye, ana iya tura masu agaji inda ba ka.

Wanda aikinsa ya kai shi ɗakin na'urori, lamarinsa ya ɗan fi haka. Suwic, wato na'urar da kebul-kebul na ofis suke haɗuwa a kanta, da rauta na cikin akwatin ƙarfe a jere suke, sitikar tana baya ko a ƙasa inda hannu ba ya kai. Duba gaban na'urar, wasu suna da ɗan harshen roba da ake jawowa, lambobin suna kai. In kana da izinin shiga na'urar, umarnin show inventory ko show version a Cisco zai fito da su, a Juniper kuma show chassis hardware. A nan ma a kula: ɓangaren ba da wuta da fanka da kowane katin da aka cusa suna da siriyal nasu, suwic-suwic da aka haɗa suna aiki tamkar ɗaya kuma kowanne da tasa. In an ce ta na'urar ake so, ta gangar jikin ake nufi. Siriyal ta yawancin kayan Cisco gurbi 11 ce: haruffa uku na masana'anta, lambobi biyu na shekara, biyu na mako, sai huɗu na ƙarshe. Ka tara lambar shekarar da 1996, misali 22 ta ba ka 2018. Wannan yana da amfani ga mai son sayen tsohuwar na'ura da aka ce masa sabuwa ce. Ta kayan Meraki, wani reshen Cisco, da Q take farawa, an raba ta huɗu-huɗu gida uku. Na'urar Wi-Fi da ke maƙale a silin kuwa, kada ka hau kujera dominta, masu kula da ita suna ganin lambarta daga kwamfutarsu.

A gida, modem ɗin intanet na kebul yakan zo da MAC fiye da ɗaya. Wadda kamfani yake buƙata domin kunna maka layi ita ce mai CM MAC ko HFC MAC. In kamfanin ne ya ba ka aron na'urar, ɗauki hoton siriyal tun ranar da ta zo, ranar mayarwa kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar, domin ita ce shaidarka in aka ce ba ka mayar ba. Amma hoton nan ba na watsawa a Facebook ko zauren WhatsApp ba ne, sau da yawa kalmar sirrin Wi-Fi tana kan sitikar.

Wayar hannu sai ka danna *#06# ta nuno IMEI, lambar shaidar wayar, mai lambobi 15. MAC ɗinta ne yake da ɗan wayo: tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar MAC na bogi ga kowane Wi-Fi domin kada a riƙa bin sawun mai su. Idan makaranta ko ma'aikata ta ce ka yi wa wayarka rajista, ba su wanda ke cikin saitin wannan Wi-Fi ɗin, ba wanda ke shafin bayanin waya ba.

Saura karantawa da baki, inda mu Hausawa muke da namu tarkon. P da F suna haɗe mana, B da V ma haka, layin waya kuma yana ƙara dagula M da N ga kowa. Ma'aikatan fasaha suna amfani da kalmomin da matuƙa jirgin sama suke fayyace haruffa da su, kuma domin MAC guda shida kawai za ka haddace: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, Echo, Foxtrot. Domin siriyal ka ƙara da Papa da Victor da Mike da November. Karanta biyu-biyu, ka dakata, sannan ka ce wa mai kiran ya maimaita maka. In akwai hali ma, tambaye shi ko za ka iya tura hoton ko ka rubuta lambar a takardar ƙorafin da aka buɗe maka ta imel. Yawancinsu hakan suka fi so, domin kwafa za su yi su liƙa.