Kurakuran da ke kashe zauren karatu na intanet tun daga zaɓen littafi

Zauren karatu a WhatsApp ko Telegram kan fara da mutane da yawa cike da zumuɗi, amma kafin a gama littafi na uku sai a tarar 'yan ƙalilan ne ke magana. Akan ɗora laifin a kan kasalar mambobi, alhali sau da yawa ɓarnar ta faru ne tun ranar da aka zaɓi littafin.

Abin da aka saba yi shi ne kowa ya kawo sunan littafin da yake so, sai a jera 10 ko 12 a kaɗa ƙuri'a. Idan mutum 30 suka rarraba ƙuri'unsu a kan irin wannan jeri, littafi zai iya yin nasara da ƙuri'a 6 kacal, wato mutum 24 ba shi suka zaɓa ba, kuma su ne za su fara zamewa. Gara a naɗa mutum biyu ko uku su tace shawarwarin, su fito da littattafai 3 ko 4, kowanne da taƙaitaccen bayani da adadin shafukansa. Sannan a bar kowa ya zaɓi fiye da ɗaya, domin ƙuri'ar WhatsApp da ta Telegram duk suna ba da wannan dama. Tambayar ma a sauya ta: maimakon "wanne ka fi so?" a ce "waɗanne za ka karanta idan aka zaɓe su?" Da haka littafin da mafi yawan mutane za su iya zama da shi ne zai fito.

Kafin littafi ya shiga ƙuri'a, wajibi ne a tabbatar ana samunsa, a takarda ko a waya, a duk inda mambobi suke. Idan aka tsallake wannan, makon farko zai ƙare a cigiya, daga nan wani ya jefo kwafin PDF na sata cikin zaure. Wannan cin haƙƙin marubuci ne, kuma bai dace da mutanen da suka taru saboda son littafi ba.

Girman littafi ma a yi masa lissafi. Shafi 400 a mako huɗu na nufin shafi 100 kowane mako, kusan 15 a kullum ba fashi. Mai aiki ko ɗalibi da ya rasa kwana uku ya riga ya tara bashin shafi 45, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗa wannan bashi shiru suke yi, ba sa cewa an bar su a baya. Sabon zaure ya fara da littafi mai shafi 200 zuwa 250. Jadawalin kuma a rubuta shi da babi, kada a yi shi da lambar shafi, saboda bugu ya bambanta, kuma a waya shafi kan sauya idan aka ƙara girman rubutu.

Ɓangaren tattaunawa shi ya fi buƙatar kulawa. Jagoran da ya buɗe da "ya kuka ga littafin?" amsar da zai samu ita ce "ya yi daɗi", daga nan sai shiru. Tambaya mai kyau takan kama wuri guda a cikin littafin, kuma mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta: me ya sa wance ta ɓoye gaskiya a babi na 7, kuma da ta faɗa me zai sauya? Jagora ya tanadi tambayoyi 5 ko 6, ya tura 3 tun ana gobe za a zauna, sauran ya riƙe su saboda lokacin da hira ta yi sanyi. Idan tattaunawar ta murya ce ko ta bidiyo, ya yi haƙuri na daƙiƙa 10 zuwa 15 bayan ya yi tambaya. Mutane na buƙatar lokacin tunani da na buɗe makirufo, ga kuma jinkirin sadarwa. Jagoran da ke tsoron shiru yakan amsa tambayarsa da kansa, zama ya koma lacca.

Akwai kuma masu cinye fili. A ƙayyade minti 2 ga kowane mai magana, saƙon murya ma haka, domin ba kowa ke sauraren na minti 8 ba. Masu kunya kuwa kada a kira sunansu kwatsam. A tura musu tambaya ɗaya a keɓe tun da wuri su shirya.

Tona ƙarshen labari na kora mutane da sauri. Dokar mai sauƙi ce: ba a maganar abin da ya wuce babin mako, kuma kowa ya rubuta lambar babi a saman saƙonsa. Telegram na da hanyar lulluɓe rubutu ta yadda sai an taɓa shi zai bayyana, a koya wa mambobi amfani da ita.

Lokaci kuma a san iyakarsa tun kafin a fara. Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, Google Meet na kyauta kuma a awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku, don haka babbar tambaya ta zo da wuri. Idan mambobi na ƙasashe daban-daban, a faɗi da agogon wace ƙasa ake nufi, ko a bar tattaunawar rubutu a buɗe na kwana biyu.

Gayyatar marubuci abu ne mai kyau, amma kada ya halarci zaman da ake auna littafinsa, don babu mai faɗin aibi a gaban mai shi. A gama tattaunawa tukuna, a tattara tambayoyi, sannan a ware masa zama na musamman. Jagoranci ma ya riƙa zagayawa daga littafi zuwa littafi, domin zauren da ke kan wuyan mutum ɗaya yakan tsaya ranar da ya gaji. Ƙuri'ar littafi na gaba a kammala ta mako biyu kafin a rufe wanda ake ciki, kowa ya samu lokacin mallakar nasa.