Yadda Ake Shirya Gida Domin Cututtukan Numfashi Masu Yaɗuwa Bayan Hutun Ƙarshen Shekara

Da zarar hutun ƙarshen shekara ya wuce, baƙi sun watse, matafiya sun dawo, yara kuma sun koma makaranta, sai tari da atishawa su fara zagaya gidaje. Dalilin shi ne mutane sun cuɗanya a ɗakunan da aka rufe saboda sanyi, ga shi kuma ƙwayoyin cutar ba sa nuna kansu nan take. Mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, takan ɗauki kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, ƙwayar RSV, wadda ke kama hanyoyin numfashi kuma ta fi yi wa jarirai da tsofaffi illa, takan ɗauki kwana 2 zuwa 8, korona kuwa tana iya kaiwa kwana 14. Saboda haka makonni biyun farko bayan hutu su ne lokacin shiri, kuma ya kamata a yi shi tun kowa yana kan ƙafafunsa, domin wanda zazzaɓi ya kwantar ba ya iya tsara komai.

Mataki na farko shi ne a zauna a tantance wanda cutar za ta fi yi wa illa a gidan, domin a kansa za a gina sauran shirin. Jarirai, musamman waɗanda ba su kai wata 6 ba, da tsofaffi daga shekara 65, da masu juna biyu, da masu asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya, su ne murar da wani zai warke daga gare ta cikin mako guda take iya kai su gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza na janyo mutuwar mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara, don haka ba abin rainawa ba ce. Idan akwai irin waɗannan mutane a gidan, a tabbatar maganin da suke sha kullum bai kusa ƙarewa ba, sannan a tuntuɓi likita kan allurar rigakafin infuluwenza, wadda ake iya yi wa yaro daga wata 6. Jiki na buƙatar kimanin mako 2 kafin rigakafin ya fara aiki, amma wanda bai yi kafin hutu ba bai makara ba.

Na biyu, a tara kayan jinya a wuri guda da kowane babba ya sani: ma'aunin zafin jiki, farasitamol na manya da na yara, takunkumin fuska, tishu, sabulu, da man tsaftace hannu mai ɗauke da aƙalla kashi 60 cikin 100 na sinadarin alkohol. A duba ranar lalacewar kowane magani. A nan ne nake ganin an fi yin kuskure, domin yawancin magungunan mura da aka haɗa suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, sai mutum ya sha su ya kuma ƙara da ƙwayar farasitamol, ya wuce giram 4 a awa 24, wanda shi ne iyakar babba mai lafiya, ya jawo wa hantarsa lahani. Yara kuwa ana auna musu ne gwargwadon nauyinsu ko shekarunsu, kuma ba a ba su asfirin idan suna mura saboda haɗarin wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kada a ajiye maganin antibayotik domin mura, saboda ba ya kashe ƙwayar bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke haddasa mura.

Na uku, a zaɓi ɗakin da mara lafiya zai kwanta, a kuma zaɓi mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya da zai riƙa kula da shi. Idan gidan ba shi da yalwa, a raba shimfiɗa, a ware masa kofi da tawul, mai kula da shi ya sa takunkumi duk lokacin da zai matso kusa. Iska tana da muhimmanci ƙwarai, domin ƙwayoyin nan suna taruwa a ɗakin da ba ta ratsa shi, don haka a riƙa buɗe taga na 'yan mintuna sau da dama a rana ko da ana sanyi. Kada a kunna gawayi ko janareta a rufaffen wuri domin ɗumama mara lafiya, saboda iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Na huɗu, a koya wa yara wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, da yin tari a cikin gwiwar hannu, a kuma riƙa goge mariƙin ƙofa, wayoyi da kan famfo.

Mataki na biyar shi ne a rubuta lambar likita ko asibiti mafi kusa, a liƙa inda kowa zai gani, tare da alamomin da ba a jira a kansu. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi asibiti nan take. Haka nan idan yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi shan nono, ko fitsarinsa ya ragu sosai. Ga babba kuwa, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, sauyin launin leɓe, ko zazzaɓin da ya sauka sannan ya dawo da ƙarfi, duk suna buƙatar likita. Masu raunin da aka lissafa a mataki na farko kada su jira cutar ta tsananta, domin maganin infuluwenza irin su oseltamivir ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko.

Daga ƙarshe, a amince tun yanzu kan lokacin da mara lafiya zai koma aiki ko makaranta. Shawarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2024 ita ce mutum ya zauna a gida har sai ya yi awa 24 yana samun sauƙi ba tare da zazzaɓi ba, kuma ba don ya sha maganin sauke shi ba, sannan ya ƙara kwana 5 yana sa takunkumi yana kuma kauce wa kusantar jarirai da tsofaffi.