Yadda ake canza wa moton jirgin ruwa na rimot kanekta zuwa manya

Idan jirginka ya dawo bakin ruwa bayan gudu na minti biyu ko uku, ka buɗe murfi ka taɓa kanektocin da ke tsakanin moto da ESC (na'urar da ke sarrafa gudun moto) ka ji ba sa taɓuwa saboda zafi, ko kaga robar da ke jikinsu ta fara narkewa ta yi baƙi, toh sun yi wa wutar da kake ja kaɗan. Wani lokacin ma dalmar ce ke narkewa waya ta zare ana tsakiyar gudu, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, kuma idan ba a yi sa'a ba ESC ɗin ya tafi tare da ita, don moto burashles mai waya uku in ya rasa ɗaya yana cikin jan wuta, ESC ne ke shan wahalar.

Jirgin ruwa daban yake da motar rimot ta ƙasa. Mota tana ja tana saki, ana taka burki ana shan kwana, shi kuwa jirgi farfelarsa na cikin ruwa tana tura nauyi babu hutu, kuma yawancinmu maƙure wuta muke yi daga tashi har dawowa, ga cikin jirgin a rufe ruf an manne murfi da tef babu iskar da ke shiga. Moto da ESC suna da ruwa da ke zagaya su yana sanyaya su, kanekta kuwa ba abin da ke sanyaya ta. Lissafin ma ba wuya: zafin da ke fita a mahaɗa shi ne amp sau amp sau turjiyar wurin. Mahaɗar da ke da turjiyar miliom 1 kacal, in amp 100 ya bi ta cikinta wat 10 na zafi take fitarwa, in ya kai amp 150 ya zama wat 22.5, a jikin ɗan ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba. Kaga kenan da ka ƙara girman farfela ko ka tashi daga batir 4S (mai sel huɗu) zuwa 6S (mai sel shida), kanektar 3.5mm ko 4mm da moton ya zo da ita sai ta fara kuka.

Wajen zaɓen girma, kowane kamfani da lambar da yake rubuta wa kayansa, amma don a samu ma'auni, Castle Creations suna rubuta amp 75 wa ta 4mm, 150 wa 5.5mm, 200 wa 6.5mm, sai 300 wa 8mm. Ni a ganina ga jirgi mai moto irin 3660 ko 3674 (lambar girman moto ce) da ESC na amp 120, 5.5mm ta wadatar har da rara. In kuma moto 4074 ne ko 4082 a kan 6S da ESC na amp 180 zuwa sama, ka tafi 6mm ko 6.5mm. Ita 8mm a bar wa manyan jirage masu waya 8 AWG (lambar kaurin waya ce, ƙaramar lamba tafi kauri), don in ka saka ta a siririyar waya 12 AWG rami ne zaka cika da dalma kawai waya na iyo a ciki, kuma dalma ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba ko kusa. So ake waya ta cika ramin kanektar daidai, dalma ta riƙe kawai. Sannan dan Allah ka sayi namiji da mace, wato mai shiga da wadda ake shiga cikinta, daga kamfani ɗaya, saboda 5.5mm ɗin wannan ba lallai ya kama 5.5mm ɗin wancan da kyau ba, kuma kanekta babba mai sako-sako tafi ƙarama mai kamawa gam yin zafi.

Kayan aiki ba su da yawa amma ayan ɗin narkar da dalma shi ne komai. Ƙaramin ayan mai wat 30 ko 40 na gyaran rediyo ba zai yi wannan aikin ba, ka nemi mai wat 80 zuwa 100 mai faffaɗan baki irin na kurfi, don abin da ake buƙata shi ne baki mai kauri da ke riƙe zafi ya zuba shi lokaci guda. Mutane suna tsoron babban ayan wai zai ƙona moto, alhali ƙaramin ne ke ƙonawa, saboda zaka daɗe kana dannawa dalma ta ƙi narkewa, zafin kuwa yana ta bin waya a hankali yana shiga cikin koyil. Dalma ka nemi 60/40 ko 63/37 mai rozin a ciki, ita 63/37 tana narkewa a digiri 183, marar gubar dalma kuwa sai ta kusa 220 kuma tafi wuyar sha'ani a kan waya mai kauri. Ka haɗa da fulos (man da ke sa dalma ta kama) na rozin, banda mai asid irin na masu haɗa bututun ruwa, wannan cin waya yake yi a hankali musamman a wuri mai danshi irin cikin jirgi. Sai filaya, reza, robar nan mai tsukewa in ta ji zafi wadda ta dace da girman kanektar, tsumma mai ɗan ruwa, da guntun katako da ka huda ramuka a jiki daidai kaurin kanektocin. Katakon nan yana da muhimmanci, in ka matse kanekta a bayis na ƙarfe duk zafin da ka sa bayis ɗin zai shanye.

Kafin komai cire batir gaba ɗaya, sannan ka fito da moton daga jirgi. Na san kwance kofla (abin da ke haɗa moto da shaf ɗin farfela) da tiyon ruwa akwai ɗan aiki, amma ɗigon dalma ɗaya ya isa ya huda jirgin roba ko ya ci soson da ke hana shi nutsewa. Ka sa wa wayoyin uku alama da tef ko ka ɗauki hoto yadda suke haɗe, zai maka amfani anjima.

Yanzu ga wurin da nake so a fi kula da shi, don nan ne ake kashe moto mai lafiya. Kar ka yanke wayar moto don ka cire tsohuwar kanekta. A motoci da yawa na jirgi wayoyin nan uku da suka fito ba wayar silikon ba ce da aka jona, wayar koyil ɗin ce kanta aka murɗe aka fito da ita waje aka sa mata riga, kuma kowane sili a cikinta yana da banish a jikinsa wanda ke hana shi taɓa ɗan'uwansa. A kamfani sun cire banish ɗin a ɗan ƙarshen ne kawai suka shafa dalma, wajen santimita ɗaya ko ƙasa da haka. In ka sa kota ka datse wannan wurin, abin da ya rage duk mai banish ne, dalma zata zauna a kai kamar ta kama amma silin da ke ciki rabi ba su haɗu ba, wutar da ya kamata sili ashirin su raba sai goma su ɗauka, moto ya riƙa zafi yana rasa ƙarfi kai kuma kana ta zargin ESC. Yadda zaka gane, ka ɗan lanƙwasa wayar a hankali: in tana da tauri tana tsayawa yadda ka lanƙwasa ta, ta koyil ce, in tana da laushi tana komawa, wayar silikon ce ta yau da kullum kuma ita ana iya yanke ta ba matsala. Akwai kuma motocin da ke da 'yan kunnuwa na ƙarfe a baya inda ake liƙa waya, waɗannan sun fi sauƙi.

Saboda haka narkar da ita zaka yi. Tsaga tsohuwar robar da reza a tsaye, a hankali kar ka yanki silin. Naɗe tsumma mai ruwa a jikin wayar tsakanin kanekta da moto, riƙe kanektar da filaya, ɗan sa sabuwar dalma a bakin ayan don zafi ya wuce da sauri, ka dafa a gindin kanektar inda waya ta shiga. Cikin 'yan daƙiƙu zata saki ka zare. Kar ka ja da ƙarfi kafin ta narke, kuma kar ka riƙa murɗa wayar a daidai inda ta shiga jikin moto, wurin in ya karye ba gyara. In ka riga ka sayi moto na hannu wanda wani ya datse, ba a rasa mafita ba amma aiki ne na haƙuri: sai ka warware silin ɗaya bayan ɗaya ka kankare banish ɗin kowanne da reza ko sanfefa mai laushi har jan ƙarfen ya fito fes ta kowane gefe, sannan ka murɗe su ka shafa dalma.

Zura robar mai tsukewa a jikin waya tun yanzu ka tura ta can baya nesa da zafi, in ba haka ba wata ba zata wuce ta kan babbar kanekta ba. Shafa fulos a bakin wayar ka sabunta dalmar da ke kai har ta yi sheƙi ta shiga tsakanin silin. Sai ka kafa sabuwar kanektar a ramin katako bakin ramin wayar na kallon sama, ka dafa ayan a gefenta, ka riƙa tura dalma cikin ramin, ita kanektar ce zata narkar da ita ba bakin ayan ba, har ta kai rabi ko ɗan fiye. Tana nan a narke ka kawo wayar ka nutsa ta har ƙasa, ka bar ayan a wurin daƙiƙa biyu uku don dalmar waya da ta kanekta su zama abu ɗaya, ka janye ayan, hannunka kuma kar ya motsa har ta daskare. Wayar zata yi zafi sosai, da filaya zaka riƙe. Kar ka hura mata iska kar ka tsoma a ruwa. Wasu kanektocin suna da ɗan rami a gefe, ta nan iska ke fita kuma ta nan zaka iya ƙara dalma in ta yi kaɗan.

Namiji ake sawa a moto, mace a ESC, saboda ɓangaren da wuta ke fitowa shi ya kamata ya zama a rufe. Shi namijin a kula kar dalma ta gangaro kan ɓangaren da ke shiga, kuma kar a daɗe ana gasa shi don 'yan yatsun nan nasa masu tsagi in suka sha zafi da yawa suna rasa ƙarfin buɗewa, sai kamun ya yi sanyi. In dalma ta ɗan zubo a waje a goge ta da fayil bayan ta huce. Ka bar moton ya huce tsakanin waya da waya, maganadisun da ke ciki ba ya son zafi kuma in ya rasa ƙarfi ba ya dawowa. Hayaƙin fulos ba na shaƙa bane, ka yi aikin inda iska ke wucewa ka wanke hannu in ka gama.

Haɗi mai kyau zaka ganshi sumul yana sheƙi, dalma ta hau jikin waya ta kwanta. Wanda ya yi dunƙule ko ya yi fari-fari kamar gari bai kama ba, a sake shi. Ka ja kowacce da ƙarfin gaske, in zata fita gara ta fita a hannunka. Goge ragowar fulos da sifirit, ja robar ta rufe. A jikin mace robar ta rufe ta gaba ɗaya har baki, a jikin namiji ta tsaya daidai inda zai shige, yadda in an haɗa babu ƙarfen da ke leƙowa ko kaɗan. Manyan kanektoci suna cin wuri kuma suna kusantar juna, jirgi kuma yana dukan ruwa yana girgiza, biyu suka taɓa juna shikenan ESC ya ƙone. In kana da mita ka auna tsakanin kowace waya da jikin moto, bai kamata ta nuna haɗi ba.

Ɓangaren ESC haka zaka yi, shi wayarsa silikon ce, zaka iya yanke tsohuwar ka feƙe sabon wuri daidai zurfin ramin. In tsawo ya gaza, a ƙara ta ɓangaren wayoyin ESC masu zuwa moto, ba a son ƙara tsawon wayar batir sai an ƙara kafasita. Kuma tunda ka zo nan ka duba fulogin batir ma, in XT60 ne a jirgin da ke jan sama da amp 100, toh gaba aka gyara aka bar baya, a koma XT90 ko EC5, ko QS8 ga manya.

Kafin ka maida kofla ka haɗa shaf, ka ba shi wuta kaɗan ka ga ta ina yake juyawa. In ya juya baya, musanya kowace waya biyu daga cikin ukun. Kar a raina wannan a jirgi, domin shaf mai lanƙwasa wayoyi ne aka naɗe ta gefe ɗaya, in ya juya daidai ƙara tsukewa yake, in ya juya akasin haka da nauyi a kai warwarewa yake ya lalace. Kuma kar ka maƙure wuta a waje babu ruwa babu nauyi.

Ranar gwaji ka yi gudun minti ɗaya kawai ka dawo, buɗe ka taɓa ukun ko ka auna da bindigar auna zafi. Ɗumi ba komai bane, kuma ya kamata ukun su zo kusan ɗaya. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, haɗin dalmarta ne ko kamunta, ita zaka sake. In kuwa ukun duka sun yi zafi tare da wayoyi da moto da ESC, toh matsalar ta wuce kanekta, jirgin na jan wuta fiye da ƙima, sai ka rage girman farfela ko ka duba ko shaf na cijewa ko jirgin na kwanciya da yawa a ruwa, ka sake gwada minti ɗaya kafin ka ƙara lokaci.