Yadda ake shirya wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi tafiya ƙasar waje da za ta koya musu jagoranci

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma hawa jirgi kaɗai bai taɓa mayar da kowa jagora ba. Matashin da aka riƙe masa fasfo, aka kwashe shi daga masauki zuwa mota, daga mota zuwa zauren taro, zai dawo da hotuna da tsaraba, halinsa kuwa yana nan yadda ya tafi da shi. Abin da ke gina shi shi ne nauyin da aka ɗora masa a hanya, aka kuma bar shi ya ɗauka da kansa. Wannan bayani na malamai ne da shugabannin ƙungiyoyin matasa masu son fita da ayarin mutum 8 zuwa 15, 'yan shekara 15 zuwa 25, waɗanda iyayensu ba su da halin biya, tafiyar mako ɗaya zuwa uku.

Zaɓen waɗanda za su tafi

A nan aka fi zubar da ɗan talaka, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Fom mai shafi biyar da sai da kwamfuta ake cike shi, dogon rubutu da harshen waje, sharaɗin cewa sai mai fasfo a hannu: kowanne rariya ce da ke zubar da wanda aka shirya tafiyar dominsa, ta riƙe ɗan gata. Ku taƙaita fom ɗin ya zama shafi ɗaya, wanda za a iya cikewa a waya ko a takarda. Sauran a yi shi baki da baki, minti 15 zuwa 20, da harshen da matashin ya fi sakewa da shi.

Kada ku nemi takardun yabo ko jerin ƙungiyoyin da ya shiga. Wanda ke tashi daga makaranta ya zarce wurin sana'a ba shi da lokacin waɗannan. Ku tambaye shi nauyin da ke kansa yau. Yarinyar da ke kula da ƙannenta huɗu, tana tattalin kuɗin cefane har ya kai ƙarshen wata, ta riga ta fara shugabanci. Ku tambaye shi ranar da ya sasanta mutum biyu, ko ranar da ya yi kuskure ya amsa laifinsa. A ganinmu, ayarin da ya ƙunshi zakarun aji zalla ba ya armashi. Ku haɗa da mai shiru-shirun da ke cika alkawari, da mai surutun da ba a taɓa damƙa masa amana ba. Ku ajiye mutum biyu ko uku na ko-ta-kwana, ku faɗa musu matsayinsu tun farko.

Batun abin da iyaye ke samu a tambaye shi sau ɗaya, a asirce, mutum ɗaya ya riƙe bayanin. Kada a tsayar da yaro gaban kwamiti yana zayyana talaucin gidansu, kada kuma a yi amfani da hotonsa wajen neman tallafi sai da rubutacciyar yardarsa da ta iyayensa. Sannan ku taka ku je wurin iyayen, don zuwa da kai ya fi aike. Ku kai musu takarda mai ɗauke da ranakun tafiya, adireshin masauki, sunayen manyan da za su yi rakiya, da lambar da za a kira dare ko rana. Idan 'ya mace ce, macen da za ta raka ayarin ita ya kamata ta yi bayanin.

Kuɗin da ba a gani

Tikiti da masauki kowa na tunawa da su. Ɗan hakin da ke tsone ido su ne takardar haihuwa, kuɗin fasfo, hotuna, kuɗin mota zuwa garin da ofishin jakadanci yake, wani lokaci sau biyu har da kwana, allurar rigakafi, akwati, rigar sanyi, takalmi, layin waya, da kuɗin aljihu. Akwai kuma wanda sana'arsa ce ke ciyar da gida. Mako uku da zai yi ba ya nan giɓi ne, sai a lissafa shi cikin kasafi. Matashi zai gwammace ya ce muku ba shi da lafiya ya janye, da ya furta cewa ba shi da akwati. Don haka ku raba wa kowa akwati da kuɗin aljihu daidai wa daida, ba sai ya roƙa ba. Tsarin “ka biya tukuna, ka kawo rasit mu mayar maka” kuwa ku kauce masa gaba ɗaya, domin wanda ba shi da abin biyan farko ya fita ke nan. Ku ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kasafin don abin da ka iya tasowa, kamar tashin farashin tikiti ko faɗuwar darajar kuɗi.

Ba dole ne ku ƙirƙiro komai daga tushe ba. Shirin YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, ya riƙa kai ɗaliban sakandare Amurka su yi shekarar karatu guda a gidan wani iyali. Mandela Washington Fellowship, da aka fara a 2014, ya riƙa kai 'yan Afirka kudu da Sahara masu shekara 25 zuwa 35 su yi mako shida a jami'o'in Amurka. Musayar matasa ta Erasmus+ ta Tarayyar Turai tana ɗaukar 'yan shekara 13 zuwa 30, kwana 5 zuwa 21, tana kuma da ƙarin tallafi na musamman ga marasa galihu. Makarantun ƙasa da ƙasa na UWC (United World Colleges) guda 18 suna zaɓen ɗalibai ta kwamitin kowace ƙasa, ƙungiyar agaji ta Rotary kuma na musayar 'yan shekara 15 zuwa 19. Sharuɗɗan waɗannan kan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka a karanta shafinsu na asali a ga ko shirin yana nan, kuma duk wanda ya ce a biya shi ya samo gurbi, a guje shi. Idan kuɗi bai kai na nesa ba, ƙasa maƙwabciya mai wani harshe da wani kuɗi, wadda ba ta buƙatar biza, tana koyar da darasin sarai.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara wata tara kafin ranar tashi, kuma abu na farko shi ne suna. Ku jera takardar haihuwa, katin shaida da takardar makaranta na kowane matashi a kan tebur, ku duba harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. Suna uku a wannan takarda, biyu a waccan, ko harafi ɗaya da ya bambanta, ya isa ya jawo jinkirin makonni. Sunan da ke kan tikiti dole ya zo daidai da na fasfo.

Ƙasashe da dama na son fasfo ya kasance da sauran wata shida. Ƙasashen Schengen na Turai na neman sauran wata uku bayan ranar fita, shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya shigar da takardun neman bizarsu tun wata shida kafin tafiya. Hukunci yakan ɗauki kwana 15, yana kuma iya kaiwa 45. Samun ranar ganawa ma kan ci lokaci, musamman gab da hutun bazara. A Amurka, masu zuwa musaya kan shiga da bizar J-1, sai mai gayyata ya turo fom DS-2019, sannan a cike DS-160 a intanet.

Wurin da ɗan talaka ya fi faɗuwa shi ne tambayar ko zai dawo. Ba shi da gida, ba shi da asusu mai nauyi, bai taɓa fita ba. Maganin wannan shi ne takardar ƙungiya da ke nuna ita ta ɗauki dukkan nauyi, da bayanan asusunta, da wasiƙar makaranta ko wurin aiki mai faɗin ranar da ake jiransa. Kada a zuba masa kuɗin aro a asusu mako ɗaya kafin ganawa, jami'an sun san wannan dabarar. Kada a haddace masa amsa. Ya iya faɗin abu uku da bakinsa: me zai je yi, wa ke biya, me zai dawo ya tarar. Takardar jabu guda ɗaya tana iya rufe masa ƙofa shekaru, ta kuma ɓata sunan ƙungiyar. Kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Wanda bai kai shekara 18 ba yana buƙatar takardar amincewar iyaye mai sa hannu, wasu ƙasashen har da hatimin hukuma. Ku bincika ko ƙasar da za a yada zango don canjin jirgi tana neman tata bizar, wannan kan kama mutane a bakin jirgi. Katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai shan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin magani mai kodin ko tiramadol na iya jefa mutum hannun hukuma a ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Raba aiki tun daga gida

A yi zama huɗu zuwa shida kafin tafiya. Ɗaya a keɓe shi ga filin jirgi kawai: yadda ake karanta katin shiga jirgi, ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu a yawancin filaye, fawa bank kuwa jakar hannu yake shiga ba akwati ba, kuma ba a karɓar saƙon kowa a saka cikin kaya. Wanda bai taɓa shiga jirgi ba kunya ke hana shi tambayar yadda ake ɗaura bel ko buɗe ƙofar bayi, sai ku faɗa ba tare da an tambaya ba.

Sauran zaman na rabon aiki ne, kuma nan ne zuciyar shirin take. A sami mai hanya, mai riƙe kuɗin ayari da rasit, mai kula da lokaci, mai magana da yawun ayari gaban masu masauki, da mai lura da lafiya da wanda ya yi shiru da yawa. Aikin ya riƙa zagayawa duk kwana biyu, don kowa ya ɗanɗana wanda yake tsoro. Kowa ya riƙe fasfonsa a filin jirgi; babba ya riƙe kwafi kawai.

Ga yadda abin yake a aikace. An sauka a filin da za a canza jirgi, saura awa biyu. Yarinyar da aka ba hanya tana tsaye gaban allon tashin jirage, yatsanta a kan lambar jirgin da ke katinta, tana bin layi-layi da ido. Ta karanta ƙofa, ta ja ayari suka bi hagu, alhali dama ya kamata. Babban da ke baya ya gani, ya dubi agogo, ya yi shiru. Bayan minti biyar ta lura lambobin ƙofofin raguwa suke yi, ta tsaya, ta tambayi ma'aikaci da ɗan harshen da take da shi, ta juyo da mutanenta. Minti goman da aka rasa su ne darasin ranar. Wannan ya sa ake barin tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin jirage, kuma manya su yi yarjejeniya tun farko cewa ba sa tsoma baki sai a abu uku: lafiya, doka, da rasa jirgi. Babban da ba ya iya haɗiye gyara, shi ke kashe shirin, ko da niyyarsa mai kyau ce.

A can

Manya kada su gaza biyu, mace da namiji, babba ɗaya ga matasa shida zuwa takwas. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki, kowa kuma na da katin da aka rubuta adireshin masauki da lambar gaggawa a aljihunsa. Kada a cika jadawali maƙil. Aikin haɗin gwiwa guda da matasan ƙasar, na kwana uku ko huɗu, ya fi ziyarar wurare goma amfani.

Kowane dare a zauna minti 30, waya a ajiye, matashi ne ke jan zaman. Tambaya uku sun isa: me ya faru yau, me na yi a kai, me zan sauya gobe. Wajen kwana na uku ko na huɗu ɗoki kan kwanta, gajiya da kewar gida su taso, a fara faɗa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ku rage aikin ranar, ku bar su su sasanta da kansu kafin ku sa baki. Ku kuma sa ido kan wanda ya fara raina kansa ganin wadatar wasu. Ku ba shi aikin gabatar da abin da ya iya a gaban masu masauki.

Maganar guduwa a yi ta a fili tun a gida, da matasan da iyayensu. Akwai mai samun matsin lamba daga dangi cewa kada ya dawo. A bayyana masa yadda rayuwar marar takarda take, da yadda ɓacewar mutum ɗaya ke sa a ƙi ba ayarin baɗi biza.

Bayan an dawo

Makon farko kowa na son labari, na biyu an gaji da ji, wasu ma su fara cewa ya canza, yana ɗaga kai. Matashin kan ji gida ya yi masa ƙunci. Ku kira zama cikin kwana 14 da dawowa, wani bayan wata uku, wani bayan wata shida. Tun kafin a taso daga can kowa ya rubuta ƙaramin aiki guda da zai iya gamawa cikin kwana 90, mai ranar farawa da adadin mutanen da zai amfana, kamar koya wa yara goma karatu sau biyu a mako. A ba shi ɗan jari daga kasafin tafiyar, a haɗa shi da babba guda da zai kira shi duk wata, ya kuma kawo lissafin abin da ya kashe. Idan lokacin ayari na gaba ya zo, a zaunar da biyu daga cikinsu a kwamitin zaɓe, a ba su zaman filin jirgi su koyar, su kuma raka ku zuwa gidajen iyayen sababbin.