Yadda Ake Karanta Zanen Birnin Rum na Ƙarni na 17

Wanda ya samu ɗaya daga cikin zane-zanen birnin Rum da Giovanni Battista Falda ya karta a farantin tagulla, waɗanda Giovanni Giacomo de Rossi ya fara bugawa a 1665, kada ya ɗauke shi tamkar hoton kyamara, domin an tsara shi ne don ya nuna birnin yadda fadar Fafaroma take so a gan shi.

A fara da rubutun da ke ƙasan takardar, inda ake samun sunan wurin da na mai zane da na mabugi. Daga nan sai a nemi tambarin gidan Fafaroman da ya yi aikin, domin shi ne zai taimaka wajen gane zamani. Ƙudan zuma uku na gidan Barberini ne, wato Urban na Takwas (1623 zuwa 1644). Kurciya da reshen zaitun a baki ta gidan Pamphili ce, tsaunuka shida da tauraro a bisansu kuwa na gidan Chigi ne, gidan Alexander na Bakwai, wanda a zamaninsa Falda ya yi fice.

Babban aikin yana wajen dogayen ginshiƙan dutse, kuma shawarata ita ce a bi su da ido daga gindi zuwa tsini, ba tare da gaggawa ba. A dandalin Navona, maɓuɓɓugar ruwan da Bernini, mai sassaƙa da tsara gine-gine, ya kammala a 1651 tana ɗauke da siffofin ƙarfafan maza huɗu masu wakiltar kogunan Nilu da Danube da Ganges da Rio de la Plata, wato nahiyoyi huɗun da Turawa suka sani a lokacin. Na Nilu ya lulluɓe kansa da mayafi, saboda Turawa ba su san mafarin kogin ba tukuna. A bisansu ginshiƙi mai rubutun Misirawan dā ya miƙe, a can ƙololuwarsa kuma kurciya ta sauka. Kurciyar nan tana faɗin abu uku a lokaci guda: sunan gidan Pamphili, zaman lafiya, da Ruhu Mai Tsarki a aƙidar Kirista. Haka ginshiƙin dandalin Bitrus da ke gaban babban cocin Vatican, wanda aka kawo daga Masar tun zamanin Caligula, sarkin Rum na dā, da aka kafa shi a wurin a 1586 sai aka ɗora masa gicciye. Abin da ke sama shi ne ake nufin ya rinjayi na ƙasa.

Dole ne kuma a gwada zanen da ginin da yake tsaye a yau. Falda ya zana wa dandalin Bitrus wani sashe na uku na jerin ginshiƙai, ƙari a kan biyun da suka kewaye filin, da zai rufe bakinsa, wanda Bernini ya tsara amma ba a taɓa gina shi ba, don haka wanda ya dogara da takardar kaɗai zai ɗauki burin Fafaroma a matsayin abin da aka gina.